Rasuwar Magulmaciya, Mai Rakiyar Kwantenar Kifi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta tumbatsa, da hancin da har yanzu bai dawo daidai ba, Hajiya mai ɗakin sanyi, dillaliyar daskararren kifi, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki, da maƙwabtan da suka garƙame tagoginsu tun makon jiya, rasuwar amintacciyarta, na'urar bin sawun kaya wadda direbobi suka laƙaba wa suna Magulmaciya. Ta rasu a bakin aiki, a kan hanyarta ta dawowa daga tashar jirgin ruwa, bayan wata jinya da aka ɓoye wa kowa, har da uwar ɗakinta.

Ana ba jama'a haƙurin jinkirin wannan sanarwa. Gawar ta kwana biyu a kan teburin ofis, a naɗe cikin tawul, kuma ba wani ɗan uwa ake jira ya iso daga nesa ba. Abin da ya riƙe ta shi ne, ita kaɗai ce shaidar abin da ya sami kwantena guda ta kifi. In Hajiya ta miƙa ta ga kamfanin inshora, ta faɗi inda aka tsince ta, za a biya ta asararta, amma ƙaninta Auta, direban da ya ɗauko kayan, gidan yari zai kwana. In kuma ta binne ta ta ja bakinta ta yi shiru, Auta zai ci gaba da yawonsa, ɗakin sanyin da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen gina shi kuma zai koma hannun banki. Kafin a faɗi abin da aka yanke, ya kamata jama'a su san wace ce aka rasa.

Marigayiya ba ta da girman jiki. Ba ta wuce tafin hannu ba, baƙa ce wuluk, da ɗan koren ido a goshi mai ƙyaftawa, da maɗauri a bayanta. Tun daga ƙasar da ake kamo kifin ake rataye ta a cikin kwantena, a rufe ƙofa a kanta. Daga nan duk inda kwantenar ta nufa, a kan teku ne ko a kan kwalta, sai ta riƙa aiko wa wayar Hajiya labari iri biyu: ga inda take, ga kuma irin sanyin da take ji. In kaya sun iso, a ciro ta, a goge mata jiki, a yi mata caji, a saka ta a ambulan mai kauri a mayar da ita ta jirgin sama domin ta rako na gaba. Haka ta rayu, kullum a tafe, kullum cikin duhu da sanyi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Wanda bai san halin da Hajiya take ciki kafin zuwanta ba, ba zai gane girman wannan rashi ba. A da, in ta biya kuɗin kaya, sai ta koma ta zauna da carbi, ba ta da wani abin yi. Ta kira ejan ɗin da ke fito mata da kaya, ya ce jirgi yana hanya. Bayan wata guda ta sake kira, jirgi yana hanya. Direba kuwa in ya ce mata “ga ni nan, na kusa,” to yana iya kasancewa a wani gari yana aski. Ranar da marigayiya ta fara aiki, ejan ya buɗe baki zai karanto karatun da ya saba, Hajiya ta katse shi, ta gaya masa cewa jirgin ya sauke kaya tun shekaranjiya, kwantenarta kuma tana kusa da katangar gabas, rana tana dukanta. Mutumin nan ya yi tari, ya nemi ruwa, washegari kaya suka fito.

Halayenta na gari ba sa lissafuwa. Ba ta taɓa neman a ba ta wani abu daga albashin wata mai zuwa ba. Kakarta ba ta taɓa rasuwa ranar da aiki ya yi yawa ba. Ba ta cin goro, ba ta da saurayi a garejin manyan motoci, ba ta san kalmar “gobe” ba. Ga ta da ƙarancin magana. In aka kunna ta sai ta ce “ɗit,” shi ke nan gaisuwarta. In aka buɗe ƙofar kwantena sai ta ce “ɗit-ɗit,” kamar mai amsa sallama. Saƙonta in ya shigo wayar Hajiya sai a ji “ƙilin,” kuma duk wanda ya yi aiki a ofishin nan ya san cewa ko ana tsakiyar yi masa faɗa ne, da zarar an ji wannan ƙara ya sami sararin numfashi. Tana da kuka guda ɗaya mai tada hankali, wani dogon “wiii-wiii” da take yi idan sanyi ya ragu a kan kaya. A watannin farko Hajiya ta sha jin wannan kukan, ta sha kiran direbobi tana wanke su tas. Daga baya kukan ya ɗauke ɗif, bai sake dawowa ba, Hajiya kuma ta riƙa gaya wa 'yan uwanta dillalai cewa ta gyara wa yaranta zama.

Ƙaunar da ke tsakaninsu ba ɓoyayya ba ce. Matar da ko kwale-kwale ba ta taɓa shiga ba, sai ga ta ta san sunayen tekuna da mashigai, tana ba da labarin guguwa kamar da ita aka yi. Za ta ajiye waya a gefen faranti tana cin abinci tana kallon ɗan koren ɗigo yana rarrafe a kan shuɗin taswira. In jirgi ya tsaya a tsakiyar ruwa sai abincin ya fita ranta. Inna, mahaifiyarta, ta sha yin mita cewa tun da aka kawo ƙarfen nan 'yarta ta daina kallon fuskar mutane in ana gaisawa. Matan kasuwa masu sarin kifi kuwa, in sun zo tambayar yaushe kaya za su iso, Hajiya ba ta ɓata bakinta. Sai ta juya musu fuskar waya su gani da idonsu: ga kifinsu can, ga sanyinsa, digiri goma sha takwas ƙasa da sifili, daram, bai motsa ba. Da wannan lamba ta yi suna, har ake cewa kifin Hajiya ko jariri aka ba ba a fargaba.

Tafiyarta ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Hajiya ta jinginar da ɗakin sanyin ga banki ta sayo kayan da ba ta taɓa sayen irinsu ba. Marigayiya ta rako su ta ƙetare teku lafiya lau, tana aiko da gaisuwarta a kan kari. A tasha 'yan kwastan suka buɗe, suka leƙa, suka rufe, aka ɗora kwantenar a bayan mota tare da injin da ke ba ta sanyi a hanya, aka danƙa wa Auta makullin kwaɗon. Wa za a danƙa wa in ba shi ba? Yaron da Hajiya ta goya a bayanta, ta biya masa kuɗin koyon tuƙi, ta saya masa motar, ta yi masa aure, ta raɗa wa 'ya'yansa suna da ragunanta. In akwai mutum ɗaya a duniya da take ganin ba ya bukatar Magulmaciya a bayansa, to shi ne.

A tsakiyar hanya ruwan sama ya cinye wata gada, manyan motoci suka yi layi iya ganin ido. Koren ɗigo ya tsaya cak a wuri ɗaya. Hajiya ta duba sanyi, ta gan shi yadda yake kullum, ta kira ƙaninta.

“Yaya, kada ki ɗaga hankalinki,” in ji Auta. “Inji yana ta aiki, mai kawai yake sha kamar ba gobe. Ai ba sai na rantse ba, duba wayarki.”

Ta duba wayarta. Ta tura masa kuɗin mai, ta haɗa da na abinci, ta yi masa addu'a. Washegari ma haka, jibi ma haka. Har ta gaya wa Inna cewa autanta ya zama mutum, yana can a daji rana tana gasa shi amma bai bar inji ya mutu ko sau ɗaya ba. Inna ta yi ta sa albarka.

Bayan an gyara gadar, motoci sun fara motsi, sai koren ɗigo ya koma ruwan toka. Babu “ƙilin,” babu komai. Hajiya ta kashe waya ta kunna, ta fita tsakar fili ta ɗaga ta sama, ta kira kamfanin da ya sayar mata da na'urar aka sa mata kiɗa har katinta ya ƙare. Auta ya ce babu sabis ne a yankin. Daga baya aka gane cewa a daidai wannan lokaci ne rai ya yi halinsa.

Warin ya riga motar shigowa layi. Matan kasuwa da suka yi sammako da robobinsu suka fara kallon juna, kowace tana zargin kwatar da ke kusa da ita. Da motar ta juyo da baya za ta shiga fili, sai ga wani baƙin ruwa mai yauƙi yana zuba ta ƙasan ƙofa, ya ja layi tun daga bakin titi, ƙudaje suna biye da shi kamar 'yan rakiyar amarya. 'Yan dako, mutanen da ba su taɓa ƙyamar ɗaukar komai ba, suka ja da baya suna toshe hanci da riguna. Da aka zare sakata, ƙofar da kanta ta turo waje. Kwalaye sun jiƙe sun narke sun zube a kan juna, kifin ya kumbura ya fashe, ya zama wani kore-koren taɓo mai kumfa, yana motsi da abin da ba sai an ambata ba. Wata mata ta yi amai a cikin robar da ta zo sari da ita. Mai shagon shayi na tsallaken titi ya kwashe kofunansa ya rufe, har yau bai buɗe ba.

Hajiya ta ɗaure hanci da mayafi, ta tattare zani, ta hau. Kowa ya ɗauka kifin za ta duba. Ina! Ta kutsa cikin ƙazantar nan har idon sawu, takalminta ɗaya ya maƙale ta bar shi, ta nufi bangon da ake rataye marigayiya, zuciyarta tana gaya mata cewa baiwar Allah tana can ta shaƙe. Ta tarar da ƙugiya, babu kowa a kanta. Ta sauko tana haki, ta tsaya a gaban ƙaninta.

“Auta, ina take?”

Idon Auta ya zame ya kalli kan mota. Hajiya ta buɗe ƙofar direba da hannunta, ta ɗaga katifar da yake kwana a kai a bayan kujera, ta jawo wata jar kula irin wadda ake zuba lemo a ciki in za a yi tafiya. Ta buɗe. Kwalaben lemo ne a sama. A ƙarƙashinsu, cikin wani ruwa mai ɗumi mai launin wanke-wanke, ga marigayiya tana yawo a cikin leda da ta yage, idonta a mace, farin gishiri ya bushe a bakin wurin cajinta.

A nan ne, a tsakiyar fili, a gaban matan kasuwa da 'yan dako, gaskiyar rayuwarta ta fito, kuma wallahi ta fi kwantenar wari. Ashe a garejin da ke ƙofar tasha akwai wani mai sayar da ƙanƙara wanda ba don masu shan ruwa yake zaune ba. Sana'arsa ita ce sanyaya na'urori irin marigayiya. Da farko direbobi ƙanƙara zalla suke sa su a ciki, sai aka ga ba ta kai sanyin da iyayen gida suke son gani a waya ba, asirin wasu ya tonu. Shi ne wannan bawan Allah ya gano cewa in aka farfasa ƙanƙara aka cuɗa ta da gishiri, sanyinta yana sauka har ya kai na kwantena. Yana da ma'auninsa, yana da ledojinsa, yana da masu kai wa direbobi a kan babur duk inda layi ya riƙe su. Da an fito daga tasha, direba ya buɗe kwaɗo, ya ciro na'ura, ya kwantar da ita a kula, ya kashe injin sanyi, ya sayar da man. Kifi tunda ya daskare kamar dutse yana iya jure tafiyar yini ɗaya ko biyu. In an kusa gari a tada inji, a mayar da ita kan ƙugiyarta, a shigo ana washe baki. Wannan ne dalilin da ya sa kukan “wiii-wiii” ya ɗauke tun tuni.

A wannan karon, da layin gada ya ƙi ƙarewa, Auta ya je tada inji, inji ya ce bai san zancen ba. Mutum mai hankali da sai ya kira yayarsa a take, a nemi makaniki ko wata motar, a ceci abin da za a iya ceta. Shi kuwa sai ya kira mai babur ya ƙaro ƙanƙara da gishiri. Kuɗin man da Hajiya take turowa tana haɗawa da addu'a, a nan suka tafi. Kifi yana narkewa a bayansa, yana jin ɗigarsa a kan kwalta, shi kuma yana durƙushe a gaban kula yana jinyar lamba. Sai da ledar ta yage, ruwan gishiri ya shiga cikin marigayiya, sannan ƙaryar ta rasa mai ɗaukarta.

An garzaya da ita wurin mai gyaran waya na bakin kasuwa. Ya kwance ta, ya duba cikinta da madubi, ya ga komai ya yi kore ya ci tsatsa, ya hura, ya goga, ya sa mata wuta, ko gezau. Ya mayar da murfin a hankali, ya ce, “Hajiya, wannan kam sai haƙuri. Gishiri ya cinye mata hanji.”

Iyalan marigayiya suna so a shaida cewa ba ta taɓa yin ƙarya ba, har numfashinta na ƙarshe. Inda take ta faɗa, sanyin da take ji ta faɗa. Ba laifinta ba ne da aka raba ta da kayan da aka ba ta amana. Abin da ya fi ci wa Hajiya rai shi ne tuna cewa shekara da shekaru tana zaune a kujera mai juyawa, tana hura hanci, tana sa ido a kan sanyin lemon Auta. Kifin da ya narke ya sake daskarewa ta riƙa sayar wa mutane, tana bugun ƙirji, tana nuna musu waya. Mata masu ciki sun ci, yara sun ci, ita ma ta ci, ta kai wa Inna. Duk lokacin da ta tuna sai ta tashi ta je ta wanke hannu da sabulu, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Tir da wannan hali, tir da mai ƙanƙara, tir da duk wanda ya sani ya yi shiru yana gaishe ta da “ranki ya daɗe.”

Mutumin inshora ya zo da hankici a hanci, ya ƙi zama. Ya baje mata takardar da aka buga daga rahoton marigayiya, layi miƙaƙƙe tun daga teku har inda ta yi shiru.

“Hajiya, bisa ga wannan, kifinki bai taɓa jin ɗumi ba,” in ji shi. “Ni hancina ya yarda da ke, amma kamfani ba ya biya da hanci. In an cire na'urar ne daga cikin kaya, ki ba mu ita mu kai a bincika, ki sa hannu a kan sunan wanda ya cire. Za mu biya ki. Shi kuma tsakaninsa da hukuma.”

Ya ajiye katinsa a kan tebur, kusa da tawul ɗin, bai san abin da ke ciki ba.

Kafin la'asar ofis ya cika. Inna ta zo da sandarta, ita da ta ce ƙafa ta hana ta zuwa ko'ina. Matar Auta ta jero 'ya'ya a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami, an gaya musu lokacin da za su fara kuka. Kawu ya gyara zaman hula ya yi dogon bayani a kan ƙaddara, kamar ƙaddara ce ta sayi gishiri. Auta ya zube a ƙasa ya kama ƙafar kujera.

“Yaya, ki yi wa Allah ki rufa min asiri. Wallahi kowa a garejin nan haka yake yi. Ni dai tsautsayi ne ya faɗa kaina.”

Ko a nan bai ce ya yi laifi ba, cewa ya yi an yi rashin sa'a. Hajiya ta dube shi. Sai Inna ta buga sanda a ƙasa.

“Ke, saurara min. Kifi ne fa. Kifi! A kan kifi za ki sa a ɗaure min ɗa ina raye? Ke babba ce, Allah Ya ba ki, zai sake ba ki. In kika sa hannu a takardar nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba.”

“Inna, ɗakin fa zai tafi,” in ji Hajiya. “Shi ke nan abin da nake da shi.”

“Ya tafi mana. Ɗaki ne ya haife ki?”

Babu wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci. Babu wanda ya tambayi inda za ta sa kanta in banki ya karɓi makulli, ko wa zai riƙa biyan kuɗin maganin Inna da na makarantar yaran da aka jero a bakin ƙofa. Suka tashi suna yi mata godiya tun kafin ta amsa, suka bar ta da tawul da katin mutumin inshora. Ta daɗe tana kallonsu su biyun.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai lafiya, da ambulan ɗin da aka riga aka rubuta wa adireshi domin tafiyarta ta gaba. Ta bar wayar Hajiya, wadda har yanzu take nuna ɗigo mai ruwan toka a gefen wata gada. Ta bar kamfanin da ya ƙera ta, wanda ya aiko da saƙo jiya yana taya Hajiya murnar isowar kaya lafiya, yana tambayar taurari nawa za ta ba shi. Ta bar mai ƙanƙara, wanda aka ce ya yi jimamin rashin, ya kuma fara ninka leda biyu. Ta bar matan kasuwa, da suka kwashi robobinsu suka koma wurin wani dillali mai irin wannan na'ura da irin waɗannan direbobi. Ta bar duba-gari, wanda ya manna jar takarda a ƙofar fili ya tafi yana kakari. Ta kuma bar 'yan uwanta masu yawa, waɗanda a daidai wannan lokaci suke kwance a cikin kuloli a bayan kujerun manyan motoci, suna aika wa iyayen gidansu labari mai daɗi. Hajiya tana yi wa waɗannan iyayen gida fatan alheri, tana kuma ba su shawara su ajiye waya su je su ɗaga katifa.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar. Da safiyar yau Hajiya ta kira mutumin inshora ta gaya masa ta janye, ba ta neman ko sisi, ba ta kuma ƙarar kowa. Ya tambaye ta ko ta san abin da take yi, ta ce ta sani. Saboda haka babu bincike, babu kai gawa asibiti, kuma wannan sanarwa ba za ta ɗaure kowa ba. An rubuta ta ne kawai domin kada gobe wani ya ce inji ne ya lalace.

Za a yi jana'izar gobe da hantsi, a ramin da hukumar tsafta ta haƙa a bayan gari domin kifin. A nan za a sa ta, tare da kayan da aka hana ta rakiya tana raye. Ba za a yi mata wanka ba. Ana roƙon masu halarta su zo da hankici da takalmin da ba sa so, kada kuma a zo da yara. Ba za a yi zaman makoki a ofis ba, domin mutanen banki za su zo karɓar makulli da azahar, kuma sun riga sun rubuta kujerun a cikin kayansu. Hajiya za ta karɓi gaisuwa a tsaye, a bakin ƙofar fili, har zuwa lokacin da za a rufe ta.

Auta ne zai ɗauki gawar daga ofis zuwa bakin rami, a ƙafa, a tafin hannunsa, kuma shi zai mayar da ƙasa. Hajiya ta cika wa Inna umarninta, ɗanta zai kwana a ɗakinsa gobe da jibi da duk sauran kwanakinsa. Za ta ci gaba da zuwa gaishe da mahaifiyarta kamar yadda ta saba, sai dai tana roƙon a riƙa gaya mata lokacin da Auta ba ya nan. Duk wanda zai zo ta'aziyya, ya yi mata ta mutum biyu: ɗaya za a saka a rami, ɗayan kuma shi zai riƙe shebur.